Taswirar Rafin Guza: Darasin Labarin Ƙasa Ya Fara Daga Ƙofar Gida

Duk shekara, da zarar damina ta nutsa, Agusta ta miƙa wa Satumba, idon mutanen Rafin Guza yana kan Kogin Kaduna. Mai gona a fadama yana duba inda ruwa ya tsaya jiya da inda ya kai yau. Mai gida a gangare yana kwana da kunne ɗaya a buɗe, kayan ɗaki a kan tebur, takardun yara a cikin leda. Garin Kaduna bai manta da ambaliyar Agustan 2003 da ta Satumban 2015 ba, kuma duk lokacin da ake lissafa unguwannin da ke bakin haɗari, sunan Rafin Guza, wadda ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa daura da Kawo, yana fitowa tare da su Unguwar Rimi da Kabala.

A wannan unguwa akwai yara 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha huɗu da ke zaune a azuzuwan ƙaramar sakandare. Da yawansu za su jero maka jihohi 36 da manyan biranensu ba tare da sun ja numfashi ba. Amma miƙa wa yaro takarda da fensir ka ce ya zana hanyar da yake bi daga gida zuwa makaranta, ya nuna inda rana take fitowa, ya nuna ta inda ruwa yake gangarowa idan an yi sama, sai ka ga fensir ya tsaya. Yaron ya san hanyar da ƙafarsa, ya san kowane lungu da kowace kwata. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda zai ɗauke wannan sani daga ƙafa ya ajiye shi a takarda, ya kalle shi, ya yi tunani a kansa. Wannan shi ne aikin taswira, kuma a wuri irin Rafin Guza ilimi ne da ke iya tsare dukiya da rai.

Inda aka baro darasin

Iyayenmu da suka yi firamare a zamanin Jihar Arewa suna tuna darasin labarin ƙasa da sunansa da littafinsa. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, labarin ƙasa ya daina zama darasi mai cin gashin kansa a ƙaramar sakandare. An zuba shi cikin darasin zamantakewa, wanda yara ke kira Soshiyal, tare da batun iyali, al'adu, shugabanci da tarbiyya. Hukumar NERDC mai tsara manhaja ta sha yi wa wannan kwando gyara, amma taswira ta ci gaba da zama ɗan ƙaramin babi da malami kan tsallake idan zango ya ƙure.

Sai yaro ya shiga babbar sakandare ne yake haɗuwa da labarin ƙasa sosai, shi ma idan ya zaɓe shi, domin ba dole ba ne. A can kuma jarrabawar WAEC tana jiransa da tambayar karanta taswira: a ba shi takarda mai cike da lanƙwasassun layuka, a ce ya auna nisa tsakanin gari da gari, ya faɗi inda kogi ya nufa, ya bambance tudu da kwari. Wanda bai taɓa zana farfajiyar makarantarsu ba, ta yaya zai karanta ƙasar da bai taɓa takawa ba? Shi ya sa ɗalibai da yawa ke gudun darasin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun ƙaramar sakandare su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro take fara iya riƙe abu biyu a tare: abin da yake gani a ƙasa, da alamar da ke tsaye a madadinsa a takarda.

Gado ne, tun kaka da kakanni

Akwai masu ɗaukar taswira a matsayin kayan Turawa. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1154 malamin nan al-Idrisi ya kammala taswirar duniya a fadar Sarki Roger na Biyu a tsibirin Sisili, kuma ya ɗora kudu a sama, arewa a ƙasa. A nan ƙasarmu, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya buɗe littafinsa Infakul Maisuri da bayanin ƙasashen wannan yanki, iyakokinsu da mutanensu. Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, daga fadar Sarkin Musulmi Bello ya samu taswirar da ke nuna Kogin Kwara da ƙasashen da ke kewaye da shi, aka buga ta a Landan a 1826. A lokacin Turawa ba su ma tabbatar da inda kogin yake faɗawa teku ba, sai a 1830.

Ban da malamai, ga fatake. Madugun da ke jan ayari daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yana ɗauke da taswira a kansa: zango nawa tsakanin nan da can, wane kogi ake ƙetarewa da rani kawai, ina ake samun rijiya, wane sarki ake biya fito. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya cika littattafansa da jerin hanyoyi da ya ji daga bakin fatake da alhazai. Yaron Rafin Guza ya kamata ya ji wannan tarihi a ranar farko, domin ya san cewa sana'ar kakanninsa ce ake mayar masa.

Mataki na farko: ina gabas?

Malamin da ke son fara wannan aiki ba ya buƙatar kuɗin gwamnati kafin ya motsa. Sanda ɗaya, igiya, alli da rana sun isa. A kafa sanda a tsaye a fili da hantsi, a sa dutse a kan bakin inuwarta. Bayan kamar rabin awa a dawo, inuwa ta matsa, a sa wani dutse. Layin da ya haɗa duwatsun biyu yana nuna yamma da gabas gwargwado, dutsen farko a yamma. Yaro ya tsaya gabas a hannun damansa, to arewa yake kallo. A shata kusurwoyin huɗu da fenti a tsakar makaranta, su zauna nan kowa yana takawa.

Daga nan sai tambayar da za ta tayar da aji: shin alƙibla ita ce gabas? Duk yaron da ya tashi a gidan Musulmi ya saba jin an ce a fuskanci gabas. Amma idan aka kwatanta layin inuwa da sahun masallacin unguwa, za a ga sun ɗan saɓa. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, Makka kuwa tana sama da digiri 21. Saboda haka mai salla a Kaduna yana karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 23. A cikin darasi ɗaya yaro ya taɓa kusurwa, ya taɓa digiri, ya kuma gane cewa garinsu yana da mazauni a doron ƙasa wanda ake iya faɗa da lamba.

Sandar nan tana da sauran karatu. Idan aka riƙa duba inuwarta da tsakar rana duk mako, za a ga tana guntulewa har ta kusa ɓacewa a tsakiyar Afrilu, ta koma nuna kudu cikin damina, ta sake ɓacewa a ƙarshen Agusta, sannan ta miƙe arewa da hunturu. Yaron da ya rubuta wannan da hannunsa tsawon shekara ba zai sha wahala ba ranar da aka zo bayanin karkatar duniya da sauyin yanayi.

Mataki na biyu: taku da ma'auni

Abin da ya fi rikita ɗalibai shi ne ma'auni, wato yadda fili mai faɗi yake shiga cikin takarda ba tare da siffarsa ta lalace ba. Maganinsa a ƙafa yake. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, maza da mata, a ce su auna farfajiyar makaranta da taku. A ce sun samu taku 60 a tsawo, 40 a faɗi. Malami ya ce kowane taku biyar santimita ɗaya ne a takarda. Farfajiyar ta zama santimita 12 da 8, ta shiga cikin littafin rubutu har da sauran wuri.

A nan gardama za ta kaure, kuma ita ake nema. Dogon yaro ya samu taku 54, gajeriyar yarinya ta samu 68, kowa ya rantse nasa ne daidai. Kada malami ya yi saurin raba su. Ya bar su su gano da kansu cewa ƙafa ba ɗaya ba ce, sai sun yarda da ma'auni guda. Sannan ya fito da igiya mai tsawon mita goma da ƙulli a kowace mita. Wanda ya sha wannan gardama, ranar da ya ga 1:50,000 a gindin taswira zai gane cewa santimita biyu a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa.

Sai alamomi. Su yaran ne za su zaɓa: wata da tauraro ga masallaci, gicciye ga coci, da'ira ga rijiya, ɗigo-ɗigo ga juji, shuɗin layi ga kwata da rafi. Sharaɗi ɗaya ne, a rubuta ma'anar kowace alama a gefe. Gwajin aikin kuwa mai sauƙi ne: a ɓoye wani abu a harabar makaranta, a sa alamarsa a taswira, a miƙa wa 'yan wani aji. Idan sun gano shi, taswira ta yi. Idan sun ɓace, masu zane su koma su nemo inda suka yi kuskure.

Mataki na uku: tudu, kwari da hanyar ruwa

Nan ne Rafin Guza ta fi makarantun tsakiyar gari sa'a, domin ɗakin gwajinta yana bayan gida. Hausa ma ta riga ta tanadi kayan aiki: tudu, kwari, gangare, fadama, rafi, ƙorama, hayi, kududdufi. Sunayen unguwannin Kaduna cike suke da su, daga Tudun Wada zuwa Hayin Banki zuwa Kurmin Mashi. A sa yara su tambayi kakanninsu yadda unguwar take kafin gidaje su cika ta: ina rafin yake bi, ina aka cike da ƙasa aka yi gini, ina ruwa ya taɓa kaiwa.

Layukan tsayi, waɗanda ke firgita 'yan WAEC, ana iya koyar da su da roba da laka. A gina ɗan tudu na yumɓu a cikin babbar robar wanki, a zuba ruwa ya kai tsayin yatsa ɗaya, a zagaye bakin ruwan da tsinke. A ƙara ruwa yatsa ɗaya, a sake zagayewa, har tudun ya nutse. A tsiyaye ruwan, yara su leƙo daga sama. Za su ga zobba, wani cikin wani. Inda zobban suka matsu, gangaren yana da tsanani. Inda suka ware, ƙasa ta kwanta, kuma nan ne ruwa kaɗan yake mamaye fili mai yawa.

Da rani, bayan an nemi izinin iyaye da na mai unguwa, sai a fita. A jikin katangun da ke kusa da kogi akan ga shatin da ruwa ya bari: ƙasan bango ya yi duhu, siminti ya bubbuga, sama kuma fes. Yara su auna tsayin shatin a gidaje daban-daban, su sa a taswirarsu. Idan suka haɗa wuraren da shatin ya ƙare da layi ɗaya, sun zana iyakar ambaliya da hannunsu. Daga nan su nemo hanyar da ta fi kusa zuwa tudu daga kowane layi, su nuna gidajen da ke da tsofaffi ko marasa lafiya da za a fara taimakawa. Ba a kai yara bakin kogi da damina, wannan doka ce da ba ta da sassauci.

Daga "ina" zuwa "don me"

Zane rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Don me kogi yakan cika a Rafin Guza ranar da ko ɗigo bai sauka a Kaduna ba? Amsar tana cikin taswirar jiha. Kogin Kaduna yana tasowa daga tsaunukan Filato, inda ƙasa ta haura mita 1,200 sama da teku, alhali garin Kaduna yana wajen mita 600. A hanya yana karɓar wasu koguna, ciki har da Galma da ke ratsa Zariya. Ruwan da aka tafka a can shi ne yake ƙwanƙwasa ƙofa a nan. Daga Kaduna kogin ya wuce Shiroro, inda aka tare shi ana samar da lantarki tun 1990, ya je ya faɗa Kwara a ƙasar Nupe bayan tafiyar kimanin kilomita 550 daga tushensa. Yaron da ya bi wannan layi da yatsa ya fahimci cewa ledar da ya jefa a kwata tana da inda za ta, kuma mutumin Shiroro maƙwabcinsa ne ta hanyar ruwa.

Don me aka kafa garin a nan? A 1917 Turawan mulki suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo Kaduna, inda layin dogo na Legas zuwa Kano ya ƙetare kogi, ga ruwan sha, ga fili. A 1967 masanin tsara birane Max Lock ya fitar da tsarin garin wanda ya hango har zuwa 2017. A ajiye tsohuwar taswirar Kaduna kusa da hoton tauraron ɗan Adam na yau, a tambayi yara: me ya ƙaru, me ya ɓace, ina gonakin da suke nan? Haka ma taswirar jiha. Wadda aka buga kafin 1987 tana nuna Katsina a cikin Jihar Kaduna. Maimakon a jefar da ita, a yi darasi da ita: taswira tana tsufa, don haka mai karatu ya fara duba shekararta da wanda ya zana ta.

Akwai kuma tambayoyin sama. Don me iskar hunturu take zuwa da ƙura daga arewa maso gabas, iskar damina take zuwa da laima daga kudu maso yamma, amma hadari yakan taso daga gabas? Malami ba sai ya amsa duka a rana ɗaya ba. Ya sa a riƙa rubuta ta inda hadari ya taso duk damina, aji ya tara shaidarsa.

Taswirar da ta ceci rayuka

Yara suna son su san amfanin abin da ake koya musu, kuma misalai suna nan. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya sa alamar gidajen da aka yi mutuwa a taswira, sai aka ga sun taru kewaye da famfo ɗaya. Wannan darasi ne kai tsaye ga unguwar da rijiya da masai suke maƙwabtaka. Ɗalibai za su iya auna tazarar da ke tsakanin rijiyoyi, kwatoci da juji a layinsu, su kai wa iyaye abin da suka gani.

Misali na biyu namu ne. A yaƙi da cutar shan inna a Arewa, masu rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirorin hannu da ke tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam da wayoyin da ke nuna inda ma'aikata suka taka, aka gano matsugunan da ba a taɓa kaiwa ba. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira. A Kenya, matasan unguwar Kibera sun zana unguwarsu da kansu a 2009 bayan ta daɗe ba ta fitowa a taswirorin hukuma. A Tanzaniya, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni sun zana magudanan ruwa da wuraren ambaliya na Darussalam daga 2015. Abin da suka yi bai fi ƙarfin matasan Kaduna ba.

Waya fa?

Wani zai ce ga Google Maps a aljihu, me ake da igiya da taku? Waya kayan aiki ce mai kyau, kuma malamin da ke da ita ya nuna wa yara rufin makarantarsu daga sama, gani ya kori ji. Amma waya tana gaya maka ka juya dama ko hagu ne, ba ta gaya maka filin da dillali yake tallata maka da rani tafki ne da damina. Ba ta san layin da ruwa ke yankewa ba, ba ta san sunayen lunguna da yawa ba. Idan caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke, abin da ke kai shi ya rage. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wannan gargaɗi yana amfanar gidan da ke da wanda zai iya karanta shi ya ce, mu ne nan, ga kuma hanyar fita.

Wa zai ɗauki nauyi?

Kaduna ba ta da uzurin rashin masana. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana Rigachikun a kan hanyar Zariya, tafiya kaɗan daga Kawo. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana Mando. Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello suna da sassan labarin ƙasa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana yaye masu safiyo. Hukumar KADGIS, wadda aka kafa a 2015, tana riƙe da taswirorin filayen jihar a kwamfuta. Buga wa kowace ƙaramar sakandare babbar taswirar unguwarta da ta ƙaramar hukumarta ba abu ne mai tsada ba. Ɗaliban jami'a da masu yi wa ƙasa hidima za su iya ba da yini ɗaya a zango su raka aji fita fili.

Shugabannin makarantu su ware wa taswira lokaci na musamman, su bar malami ya fitar da yara daga aji. Malamai su yi bayani da harshen da yaro yake tunani da shi kafin su ɗora masa kalmomin jarrabawa. Iyaye su bar 'ya'ya mata su shiga aikin, domin su ma a unguwar suke, kuma su ne sukan kasance a gida tare da ƙanne idan ruwa ya shigo. Masu unguwanni da limamai su karɓi taswirar da yara suka zana, a liƙa ta inda jama'a za su gani.

Malam, kada ka jira sai an kawo maka kaya daga ma'aikata. Wannan makon ka kafa sanda a tsakar makaranta, ka raba wa ɗalibanka takarda, ka ce kowa ya zana hanyar gidansu. Kafin damina mai zuwa, ya zama kowane yaro a ajinka ya san inda ruwa yake fitowa, inda yake bi, da hanyar da zai bi da ƙannensa zuwa tudu.